Wa ya faɗo da kai a ransa?

'Yan uwana matasa, akwai wata magana da take saurin fita daga bakinmu, abu ya faru sai ka ji an ce ai dace aka yi kawai. Kana zaune cikin ƙunci ka ɗauki waya ka ajiye ka sake ɗauka ka rasa wanda za ka kira, sai ga kiran wani abokinka da kuka daɗe ba ku gaisa ba, wai shi kawai faɗo masa ka yi a rai. To wa ya faɗo da kai a ransa, kuma me ya sa sai a wannan daren?

Ku duba Annabi Musa (AS). Ya fita daga Masar a tsorace yana waige-waige, ba guzuri ba masauki, ya isa rijiyar Madyana daidai lokacin da mata biyu suka tsare dabbobinsu a gefe suna jira makiyaya su gama. Da ya makara kaɗan da sun tafi. Ya shayar musu ya koma inuwa ya yi addu'a, daga nan aure ya zo, aka yi sharaɗin kiwo na shekara 8 ko ya cika 10. Mutumin da ya tashi a fadar Fir'auna fa, yau shi ne a bayan dabbobi shekara da shekaru, da a zamaninmu ne da tuni an ce rayuwarsa ta tsaya. Bayan nan ya hango wuta da dare ya je ɗebo wa iyalinsa, a can aka yi masa magana. Kuma a Suratu Ɗaha aya ta 40 Allah Ya gaya masa cewa ya zo ne a kan lokacin da aka ƙaddara, wato duk wancan yawon babu rana ɗaya da ta tafi a banza.

Annabi Yusuf ma mantuwa aka yi da shi. Ya ce wa wanda zai fita daga kurkuku ka ambace ni a wurin maigidanka, mutumin ya fita ya manta, Yusuf ya ƙara wasu shekaru a ciki. Mutumin bai tuna ba sai ranar da sarki ya yi mafarkin shanu 7 masu ƙiba da ramammu 7 suke cinyewa. Ni a ganina da ya tuna da wuri, iyaka a saki fursuna ɗaya ya shige cikin jama'a, amma da ya tuna a ranar da ake neman mai fassara sai ga shi a kan taskokin ƙasa.

Yanzu bari in zo kan zuciya, don nan ne muka fi cutar kanmu. An yaudare ki, ko an fasa aure ana saura kwanaki, ko ka yi rashin mahaifiya, wata biyu uku sai mutane su fara, haba har yanzu ba ka manta ba? Kai ma sai ka fara zargin imaninka. Wallahi wannan maganar tsohuwa ce, 'ya'yan Annabi Yaƙub sun gaya masa irinta, wai ba zai daina ambaton Yusuf ba sai ya halaka, shi kuwa idanunsa har sun yi fari saboda baƙin ciki, abin da ya ce kawai shi ne Allah yake kai wa kukansa. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. To kai wane ne da za ka ba zuciyarka wa'adin sati biyu?

Amma fa ciwo ba ya warkewa ana sosa shi. Ƙarfe 2 na dare kina kwance da waya a fuska kina buɗe sitatus ɗinsa, kina ƙara girman hoton don ki ga hannun wa ya fito a gefe, sannan da safe ki ce Allah bai kawo sauƙi ba tukuna. 'Yar uwa ki goge lambar. Haka kai ma mai lissafin da na fita da wuri, da ban faɗi kaza ba, da na kai shi asibiti tun jiya. Hadisi ya hana wannan, aka ce ka ce Allah Ya ƙaddara kuma abin da Ya so Ya aikata, domin "da na" ƙofar aikin Shaiɗan take buɗewa.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, don wasu in sun ji wannan sai su zarce. Ya duba agogo ya ga 11:11 sau biyu wai saƙo ne, ta yi mafarkin tsohon saurayi wai alama ce su koma. Dan Allah a bari. A shekara ta 10 bayan hijira rana ta yi husufi a ranar da Ibrahim ya rasu, mutane suka ce saboda mutuwarsa ne, Annabi da kansa ya tashi ya ce rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Komai da lokacinsa a wurin Allah, wannan mun yarda, amma ba a ba ka aikin fassara kowane motsi ba, yawanci ma sai abu ya wuce da nisa kake hango hikimarsa, wani kuma har ka mutu ba za ka hango ba.

Kuma jiran lokaci ba naɗe hannu ba ne. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham juyawa ya yi da jama'a, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce eh, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. In damuwar ta kai ba ka barci, ba ka iya cin abinci, ko ka fara jin gara ka mutu, ka gaya wa wani babba da ka yarda da shi yau ɗin nan, ku je ku ga likita, addu'arka kuma kar ka ajiye ta.