Ba 'yan Houthi kaɗai ke riƙe mana kwantena ba

Duk ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Sabon Gari da ya yi odar kaya daga Chaina a 'yan shekarun nan ya san amsar da ejan ke bayarwa idan aka kira shi: "Alhaji, a yi haƙuri, ka san halin da ake ciki a Bahar Maliya." Daga nan sai a rufe magana, kamar an kawo hujjar da ba a ja da ita.

Matsalar kam akwai ta. A watan Nuwamban 2023 'yan Houthi na Yemen suka kama jirgin Galaxy Leader, suka shiga kai wa jiragen dakon kaya hari a mashigin Bab al-Mandab, ƙofar shiga Bahar Maliya. Kafin shekarar ta fita, manyan kamfanonin jiragen dakon kaya Maersk da MSC da Hapag-Lloyd sun kauce wa mashigin Suez na Masar, sun koma zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu, abin da ke ƙara kwana 10 zuwa 14 a tafiya daga Asiya zuwa Turai. Masar ta ɗanɗana kuɗarta: kuɗin shigar Suez ya faɗo daga kusan dala biliyan 10 a 2023 zuwa wajen biliyan 4 a 2024.

Amma a buɗe taswira a duba. Jirgin da ya taso daga Ningbo ko Shanghai kai tsaye zuwa Legas, dama can ta ƙasan Afirka yake biyowa, ba ruwansa da Suez. Inda abin ke shafar mu shi ne, jiragen Turai da suka daɗe a hanya sun riƙe kwantenoni, fanko ya yi wuya a tashoshin Chaina, kamfanoni suka kwashe jirage zuwa layin da ya fi tsoka, kuɗin dako ya tashi a ko'ina. Wannan gaskiya ne, kuma mun biya.

To, jirgi ya iso tashar Apapa ko ta Tin Can a Legas, an sauke kaya. Makonnin da kwantena ke yi a ajiye a can, wa ya riƙe ta? Takarda ta tsaya a wannan tebur, an ce na'urar kwastam ba sabis, an ce a sake buɗewa a duba, kuɗin ajiya na hawa kullum, ɗan kasuwa na Kano yana kallon waya Sallah na matsowa. Atamfa da leshin da aka yi odar su don azumi, idan suka shigo bayan Sallah, sai dai a karya farashi. Ga mota daga Legas zuwa Kano da shingaye ba adadi, kowanne da hannu a miƙe.

An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, da sunan a riƙa kammala komai a kusa da mu. Ina jirgin ƙasan da zai riƙa kawo kwantenonin a kai a kai?

Ni dai shawarata ga 'yan uwa masu oda: ku karɓi lambar kwantena da sunan jirgi tun ranar lodi. Shafin kamfanin jirgin zai nuna muku ranar da kaya suka sauka a Legas. Idan ejan ya sake ambaton Bahar Maliya, ku tambaye shi a wace tasha kwantenar take yau.