Yafiyar da Ake Nema a Kan Gadon Ciwo

Duk wanda ya saba zuwa jana'iza a ƙasar Hausa ya san wannan sanarwa. Ana gama rufe kabari, sai liman ko wani babba daga dangi ya ɗaga murya: "Jama'a, wanda yake bin marigayi bashi ya samu ɗansa wane. Wanda ya saɓa wa kuma, don Allah ya yafe masa." Sai a amsa baki ɗaya, "Mun yafe, Allah ya yafe mana." Al'ada ce mai kyau, ba na fatan a daina ta. Damuwata ita ce mun ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta. Abin da ya kamata mutum ya gyara da bakinsa da aljihunsa tun yana yawo da ƙafafunsa, shi muke bar wa wannan minti biyu na maƙabarta.

A 2009 wata 'yar Ostareliya mai suna Bronnie Ware, wadda ta yi shekaru tana jinyar masu ciwon ajali, ta rubuta abubuwa biyar da ta fi jin suna nadama a kansu, rubutun kuwa ya zagaya duniya. Daga ciki akwai masu cewa da sun sani da ba su kashe kansu da aiki ba, da sun riƙa faɗin abin da ke ransu, da ba su bari abota ta mutu ba. Abin da ta ji da kunnenta ne ta tattara, bincike na ilimi daban yake. Kuma maganar aiki ba ta zauna mini a nan ba. Da wuya ka ji ɗan dako a Kasuwar Singa, ko manomin da baki goma sha biyar ke jiran hatsinsa, yana cizon yatsa don ya yi aiki da yawa. Wannan nadamar mai zaɓi ce. Sauran biyun kuwa namu ne sak, sai dai a wurinmu sukan zo a matsayin gaba da haƙƙin mutane.

Masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Thomas Gilovich da Victoria Medvec, sun nuna a shekarun 1990 cewa abin da mutum ya aikata shi ya fi ci masa rai a kusa, amma da shekaru suka ja, abin da ya ƙi yi ne ke hana shi barci. Kakanninmu sun taƙaita da cewa da-na-sani ƙeya ce.

Na taɓa zama a ɗakin wani dattijo da ciwon ƙoda ya kwantar. Shekaru da dama ba ya ga-maciji da ƙanensa saboda wata gona da ya haɗe da tasa bayan rasuwar mahaifinsu. Da jiki ya yi tsanani sai ya aika a kira shi. Ƙanen ya zo, ya cire takalmi, ya durƙusa ta wajen ƙafafu, ya ce, "Yaya, sannu, ya jikin?" Dattijon ya kamo hannunsa, muryarsa da ƙyar take fita: "Ka yafe mini." Ƙanen ya ce, "Haba Yaya, ba komai, na yafe duniya da lahira." Mata suka fashe da kuka, kowa ya ce alhamdu lillahi, an shirya. Ba wanda ya ambaci gonar. Ba a daɗe da sadakar arba'in ba 'ya'yan mutanen biyu suka haɗu a gaban alƙali.

Ba na zargin ƙanen da ƙarya, kuma Allah kaɗai ya san abin da ke tsakaninsa da bawansa. Amma wa zai iya duban mai numfashi sama-sama, dangi sun kewaye shi, ya ce bai yafe ba? Yafiyar da aka nema a lokacin da ba a iya hana ta, rabinta kunya ce. Malamai sun daɗe suna faɗa mana cewa tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar da haƙƙin ga mai shi. Da dattijon nan ya taka zuwa gidan ƙanensa shekara goma kafin nan, da ya ji baƙar magana, wataƙila ma a rufe masa ƙofa a karon farko. Wannan ɗacin shi ne farashin sulhu na gaskiya, kuma shi muke gudu har sai ciwo ya zo ya ɗauke mana shi. Hadisin da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku kowa ya haddace shi, amma a gidajenmu akwai gabar da ta girmi jikoki.

Akwai kuma maganar da alkunya ke hana mu. Uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, balle ya ce masa ya ji daɗin yadda ya riƙe ƙannensa. Sai bayan ya rasu abokinsa ya ce wa ɗan, "Ai kullum babanka yana yabon ka." Ina son kawaici, shi ya sa gidajenmu ba su zama dandalin cacar baki ba. Sai dai "Allah ya yi maka albarka" ba ta zubar da girman kowa, kuma ta fi daɗi daga bakin mai ita.

Wani abin da ya kamata mu lura da shi: mutanen da waccan baiwar Allah Bronnie Ware ta yi jinya sun samu makonni suna kwance suna lissafi. Da yawanmu ba ma samun haka. Haɗari a hanyar Kaduna zuwa Abuja, haihuwa da ta zo da gardama, hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba, sai a ji mutum ya yi sallar asuba da jama'a, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Aya ta 10 a Suratul Munafiƙun ta kawo roƙon wanda mutuwa ta zo wa, yana neman a ɗan jinkirta masa ya yi sadaka, aya ta gaba ta ce ba a jinkirtawa.

Inda sakacinmu ya fi fitowa fili shi ne rubutu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana ce a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ƙi sallatar wani mamaci da ake bi bashi har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Hadisin Ibn Umar kuma ya ce bai dace mai abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. Duk da haka sai ka tarar da ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana juya miliyoyi, wanda ya bai wa kaya da wanda ya karɓa a hannunsa duk a ka suke. Yanzu ga waya ta ƙara dagula lissafin: kuɗi na cikin manhajar banki, wayar a kulle, lambar sirri ta tafi da mai ita. Har Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'ida a 2024 kan yadda zai riƙa karɓar ajiyar kuɗin asusun da suka shekara 10 ba a taɓa ba, kuma ba sai an faɗa ba, wasu na mamatan da magadansu ba su san da zamansu ba ne.

Na san abin da za a ce. Maigida na ɗauko biro ya fara irin wannan zance, uwargida za ta ce, "Haba Alhaji, daina yi mana mugun fata." Wasu kuma na tsoron takardar ta haɗa kishiyoyi faɗa tun yana raye. Tsoron yana da dalili, amma an fahimci abin a karkace. Ba a ce mutum ya raba gadonsa da kansa ba, Suratun Nisa'i ta riga ta yanka wa kowa kasonsa, wasiyya kuma ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Abin rubutawa shi ne abin da ke hannunka wanda ba naka ba: ajiyar maƙwabci, jarin abokin ciniki, sanuwar ƙanwarka da ke cikin garkenka, filin da aka saya da kuɗin mutum biyu amma takarda ta fito da suna ɗaya.

Wadda ta fi cutuwa da rashin wannan rubutu sau da yawa ita ce matar da ta hana a yi zancen. Shekarun baya kasuwa ta karye, ta cire sarƙar gwal ɗinta da 'yan kunne ta ba shi ya sayar ya tayar da jari, ya ce zai maido. Daga shi sai ita a ɗaki. Yanzu tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ana ƙidaya dukiya a zaure. In ta buɗe baki, dangin miji su ce ko kabarinsa bai bushe ba ta fara lissafin kuɗi. In ta yi shiru, gwal ɗinta ya narke cikin gado, ta tashi da tumunin takaba, shi ma a raba da kishiyoyi. Da ya rubuta layi biyu, shaidu biyu suka sa hannu, da an fitar mata da kuɗinta kafin a taɓa rabon kowa, domin bashi ne, shari'a kuwa ta sa biyan bashi gaba da rabon gado.