Musun 'yan Iowa da namu na gidan kallo

Wanda ya saba zaman gidan kallon ƙwallo a Kano ya san musun nan da ba ya ƙarewa. Wannan ya ce shi dai a ci wasa ko da ɗaya mai ban haushi, wancan ya ce in ba za a taka leda ba gara ya riƙe kuɗinsa. 'Yan Mourinho da 'yan Guardiola ke nan. To, a jihar Iowa ta Amurka inda nake zaune, irin musun na tarar, sai dai a kan tasu ƙwallon, wadda ake runguma a hannu ana gudu sanye da hular kwano.

Jihar ba ta da ƙungiya a gasar ƙwararru ta NFL, don haka ƙungiyoyin jami'a ne abin yayi. Filin Kinnick na Jami'ar Iowa yana ɗaukar mutum kusan 70,000, kuma ranar Asabar cika yake yi maƙil. A wannan wasa masu kai hari daban, masu tsaron gida daban, kowane ɓangare da kocinsa, ga babban koci a kansu. Babban kocin Iowa, Kirk Ferentz, yana kan kujerar tun 1999. Daga 2017 zuwa 2023 kuwa mai kula da kai hari ɗansa ne na cikinsa, Brian.

A zamanin Brian, tsaronsu ba a magana. Harin ne abin tausayi. A wasan farko na 2022 sun doke South Dakota State da maki 7 da 3 ba tare da sun kai ƙwallo ƙarshen fili ko sau ɗaya ba, kuma huɗu daga cikin bakwai ɗin masu tsaro ne suka samo su. Har ta kai tauraron ƙungiyar shi ne Tory Taylor, wani ɗan Ostireliya da aikinsa shi ne ya lafta ƙwallo da ƙafa ya miƙa wa abokan hamayya idan hari ya gagara. Yana shigowa fili sai ihu ya kaure. Akwai wani dattijo a wurin aikinmu da yake zuwa duk Juma'a da riga mai rubutun cewa wannan bugun shi ne nasara. In ka tsokane shi sai ya ɗaga kofin kofinsa ya ce, "Duba teburi, mu nawa muka ci?"

Yana da hujja. A 2023 sun ci wasa 10, suka zo na ɗaya a rukunin yamma na gasar Big Ten, alhali da ƙyar suke samun maki 15 a wasa. Amma ni ba na bayansa. A wannan kakar Penn State ta ba su 31 da nema, Michigan 26 da nema, Tennessee 35 da nema. Wato duk ranar da suka gamu da manya, ko maki ɗaya babu. Mourinhon da muke kafa hujja da shi a gida Barcelona ya fitar a 2010 ya je ya ɗauki kofin Turai da Inter. Tsaronsa manya yake kayarwa. Na Iowa sai ƙanana.

Inda muka sha bamban da su shi ne haƙuri. A gasar Najeriya koci ya yi rashin nasara biyu a jere, sai ka ji an ba shi wa'adin wasa uku. Ka ɗauka Pillars ce ta yi kaka biyu tana wannan jan ƙafa, kuma mai tsara harin ɗan babban koci ne. Wa zai iya zama a filin Sani Abacha ranar? Su kuwa 'yan Iowa sun yi ta rera waƙar a kori Brian, sati na zagayowa kuma su sake cika fili.

Son kai ma, jama'a, ba mu kaɗai ke da shi ba. Su dai nasu takarda suke yi masa. Jami'ar tana da dokar hana mutum shugabantar ɗan uwansa, sai aka rubuta cewa Brian yana ƙarƙashin daraktan wasanni ne, ba mahaifinsa ba. Da surutu ya yi yawa, a farkon 2023 aka rage masa dala 50,000 a albashi, aka gindaya masa sharaɗin maki 25 a kowane wasa, wato 325 a wasa 13. Nan take magoya baya suka koma lissafi, kowace Asabar ana ƙirga saura nawa. A ƙarshen Oktoba, kakar ba ta ma ƙare ba, Beth Goetz mai riƙon ƙwaryar darakta ta sanar cewa ba zai dawo ba. Na fi son wannan da namu na jifa da ledar ruwa, ko da yake an ɓata shekaru kafin a kai ga abin da kowa ya riga ya gani.

A 2024 aka kawo Tim Lester ya maye gurbin Brian. Maki suka haura 27 a wasa, ɗan wasansu Kaleb Johnson ya yi ta keta mutane da gudu, amma wasa 8 kawai suka ci. Masu son tsohon salo suka samu abin faɗa, wai an gyara hari nasara ta ragu. Abin da ba sa so a ambata shi ne a shekarar ce aka rushe rukunin yamma da suke fakewa a ciki, gasar ta koma ƙungiya 18.