Gwajin ruwan burtsatse ne aikin ƙaramar hukuma

Wani labari da na karanta ya ce shigar da ƙananan hukumomi cikin tsara ƙa'idojin ingancin ruwan ƙarƙashin ƙasa zai ci kuɗi mai yawa, amma ni ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Ƙa'ida ai akwai ta: hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta fitar da ma'aunin ruwan sha na Najeriya tun 2007, aka sabunta shi a 2015, kuma babu mai buƙatar ƙananan hukumomi 774 kowace ta rubuta nata. Abin da babu shi ne mai zuwa bakin rijiya ya ɗebi ruwa ya gwada. A unguwarmu an haƙa burtsatse taku goma sha biyar daga masai, 'yan ga-ruwa na cika jarkoki tun asuba, ko sau ɗaya ban ga duba-gari ya leƙo ba. Ɗan'uwa mai cewa ruwa in dai garau yake to lafiya lau ne, don Allah tambayi mutanen Tibiri da ke kusa da Maradi. Ruwan burtsatsensu garau yake, amma yawan sinadarin fuloraid ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara, abin tausayi matuƙa. Tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To me zai hana kowace ta sayi akwatin gwaji, ta horar da ma'aikatan lafiya biyu, ta liƙa sakamako a jikin kowane famfo?