Ran uwa da bugun zuciyar ɗan tayi: wanne ne likita zai fara dubawa?

A watan Oktoban 2012, wata likitar haƙori 'yar asalin Indiya, Savita Halappanavar, ta shiga asibiti a garin Galway na ƙasar Ireland da cikin mako 17. Faya ta fashe, likitoci suka tabbatar ɓari ne, ba makawa. Ta roƙi a cire cikin, aka ce a'a, tunda zuciyar ɗan tayin tana bugawa, doka kuma ta daidaita ransa da nata. Kafin zuciyar ta tsaya, ƙwayar cuta ta riga ta shiga jinin uwar. Ta rasu ranar 28 ga watan, tana da shekara 31. A 2018 mutanen ƙasar suka kaɗa ƙuri'a, kashi 66 cikin 100 suka soke sashen tsarin mulkin da ya daidaita rayukan biyu.

Ba ina kawo labarin don in ce zubar da ciki ba komai ba ne. Abin da ke cikin mahaifa rayayye ne tun farko, kuma a wajen mako na 6 na'ura kan fara ganin motsin zuciya. Sai dai "rayayye" daban, "mutum cikakke" daban, kuma malamanmu sun daɗe da raba biyun.

Duk wanda ya yi Islamiyya ya haddace hadisi na 4 a Arba'una, na Ibn Mas'ud: kwana 40 ɗigon maniyyi, 40 gudan jini, 40 tsoka, sannan a aiko mala'ika ya busa rai. Kwana 120 ke nan. Bayan wannan babu saɓani, taɓa cikin haramun ne sai don ceton uwa. Kafin nan ne aka rabu. Malikiyya, mazhabar da muka tashi a kai, sun tsananta: tun da maniyyi ya zauna a mahaifa ba a fitar da shi. Da yawa daga Hanafiyya sun sassauta idan akwai uzuri. Ko a diyya ma, wanda ya jawo wa mace ɓari kashi 1 cikin 20 na cikakkiyar diyya yake biya. Wato alfarmar ɗan tayi tana ƙaruwa ne yadda yake ƙaruwa. Ni dai na fi gamsuwa da wannan mahanga a kan ihun da ake yi a Amurka, inda wani ke cewa kisan kai ne tun ranar farko, wani kuma ya ce jikinta ne kawai, ba ruwan kowa.

Damuwata a gida take. Sashe na 232 na dokar Penal Code ta Arewa ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara 14 a kan zubar da ciki, sai in an yi don ceton ran mace. A takarda daidai ne. Amma da ƙarfe 2 na dare, mace na zubar da jini, jiki ya yi zafi rau, wa zai faɗa wa likita cewa haɗarin ya kai? Zai jira sai ta fara shure-shure? Jihar Legas ta fitar da ƙa'idojin da za su amsa wannan tambaya a 2022, shugabannin addini suka yi ca, gwamna ya dakatar da su cikin 'yan kwanaki.

Mu kuwa a Arewa muna da majalisun malamai, muna da ƙwararrun likitocin mata, fatawar kuma ba sabuwa ba ce: uwa ita ce tushe, ɗan tayi reshe. Su zauna tare su rubuta, cuta kaza, alama kaza, likita nawa za su sa hannu, a manna a bangon kowane ɗakin haihuwa.