Baƙo ba sallama: abin da na gani a hanyar Uluru

Hutun makarantar yara na watan Yuli ne ya jawo tafiyar nan, kuma gaskiya ba ni na kawo shawarar ba, uwargida ce ta sa ni gaba wai shekara shida muna Adelaide amma ba abin da muka sani a Ostireliya sai gida da wajen aiki da masallaci. To shikenan muka yi hayar irin motar nan da mutanen nan suke mutuwar so, su campervan suke ce mata, ni kuwa motar kwana nake kiranta, don ƴar bas ce aka cire kujerun baya aka sa gado da ɗan firji da murhun gas da wajen wanke kwano. Ka goya gidanka kamar kunkuru kenan ka kama hanya.

Daga Adelaide zuwa dutsen Uluru ya kai kilomita 1,600, kana wuce Port Augusta ka hau titin Stuart wanda ya ratsa tsakiyar ƙasar har Darwin, daga nan kuma ba ka da abokin tafiya sai jar ƙasa da ƙudaje da manyan motocin nan masu jan tirela uku a jone, tsayin wata ya haura mita 50, in za ta wuce ka sai ka ji motarka ta yi rawa. Da magariba kowa yake tsayawa saboda kangaru suna faɗo wa titi. Daren farko a wani wajen hutawa muka kwana kafin mu kai Coober Pedy, garin nan da mutane suke haƙa gidajensu a ƙarƙashin ƙasa saboda zafi, wallahi ban runtsa ba, sau uku ina tashi ina taɓa makullin ƙofa, uwargida tana ta min dariya. Ita dariya take amma ni hanyar Birnin Gwari ce a kaina, wai yau ni ne na kwantar da iyalina a tsakiyar daji da gangan kuma har na biya kuɗi a kai, abin tsoron kawai sanyi ne, don hunturunsu a Yuli yake kuma na hamadar nan da asuba ya fi na Jos cizo. Wannan kam sun fi mu, ba gardama, kuma raina ya sosu.

Amma a kwana na uku wani abu ya fara damuna. Na lura tunda muka bar gida ba wanda muka gaisa da shi gaisuwa ta gaske. Ka tsaya gidan mai ka zuba da hannunka ka goga kati, abinci yana firji, gado yana baya, ba ka buƙatar kowa kuma ba wanda ya san ka wuce. Mu kuwa tafiya a wajenmu ai mutane ce, mai shayin tasha, masallacin bakin titi da za a miƙo maka buta, wanda zai ce sannu da hanya daga ina zuwa ina. Kakanninmu fatake da suka yi ta kai kanwa da fata Gwanja suna dawowa da goro ba sa faɗa wa gari haka nan, sai sun sauka a zango, akwai mai masauki, a kai gaisuwa wajen mai gari, unguwannin Zango da ke Kumasi da Accra yau ai daga nan sunan ya samo asali. Motar kwana ta yanke duk wannan, ka ratsa ƙasar mutane sama da kilomita dubu ba ka zama baƙon kowa ba.

Kuma ƙasar mutane ce fa. Abin da ke kama da daji marar mai shi ɗin nan kowane yanki da masu shi da yarensu, kafin zuwan Turawa a 1788 yarukan ƴan asalin ƙasar sun haura 250, masu bincike kuma sun ce sun fi shekara dubu 50 a nan. Masu Uluru su ne Anangu. An mayar musu da dutsen ranar 26 ga Oktoba 1985, su kuma suka ba hukumar gandun gwamnati haya ta shekara 99 ana gudanar da wajen tare, amma duk da haka sai da suka yi shekara 34 suna roƙon baƙi su daina hawa kansa kafin a rufe hawan gaba ɗaya a Oktoban 2019. Masu hawan nan minga suke ce musu, wato tururuwa, don haka suke gani daga nesa an yi layi ana rarrafe a jikin dutse, kuma mutum sama da 30 sun mutu a wajen hawan.

Nan ne na ga abin da ya sa nake wannan rubutun. Kana zagaya gindin dutsen, tafiyar ƙafa ce ta kusan kilomita 10, sai ka ga allo an ce nan ba a ɗaukar hoto, wani wajen na mata ne wani na maza, ba kuma a yi maka dogon bayani ba, a'a ce kawai. Ba a kwana a cikin gandun, dole ka koma da motarka garin Yulara. Ƙauyen Anangu mai suna Mutitjulu yana nan kusa da dutsen amma ɗan yawon buɗe ido ba ya shiga sai da izini. Mun bi zagayen da mai rakiya yake ba da labarin macijiya Kuniya da macijin Liru a bakin wani tafki da ke gindin dutsen, ɗiyata ta ce Baba ai irin na rijiyar Kusugu ne, na ce to kusan haka. Abin da ya tsaya min shi ne an gaya mana ƙarara cewa abin da ake ba baƙo na sama-sama ne, irin wanda ake fara koya wa yara, sauran ba namu ba ne kuma kuɗi ba ya saye. Ni Musulmi ne, ban yi imani da Tjukurpa ɗinsu ba, wato dokarsu da labarin asalin duniya a wajensu, kuma ba wanda ya nemi in yi, abin da aka nema shi ne in san cewa gidan wani na shigo. Wannan kuwa ba sai an koya wa Bahaushe ba, mu da muke cewa baƙo ba sallama mugu ne, mu da baƙo yake tsayawa a zaure ko shekara nawa ya yi yana zuwa gidan.

To amma mu da muka iya wannan a ƙofar gida, me ya sa ba mu iya shi a kan kayan tarihinmu ba? Dutsen Dala fa nan ne tushen Kano, labarin Barbushe da Tsumburbura duk a kansa yake, je ka gani yau, gine-gine sun ci gindinsa, leda ko'ina. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu ana ta ɗibar ƙasarta ana yanka filaye. Zanen duwatsun Birnin Kudu ɗan Jigawa nawa ne ya taɓa zuwa gani? Abin namu biyu ne, ko dai mu ji kunyar wajen mu ce kayan maguzanci ne mu watsar, ko kuma in Bature ya zo da kyamara mu buɗe masa komai don ɗan abin goro, ya ɗau hoton almajirai ya ɗau na matan aure ba mai ce masa kai tsaya. Hawan sallar Kano ya shiga kundin UNESCO a 2024, madalla, amma ni na fi son in ji wa yake ba da labarin kuma aljihun wa kuɗin yake shiga, na marinan Ƙofar Mata ko na ɗan rakiyar da ya haddace tatsuniya da Turanci.

Kar kuma wani ya ɗauka aljanna na gano. Ka shiga Alice Springs, tafiyar kilomita 450 daga dutsen, ka ga ƴan asalin ƙasar zaune a busasshen kogin Todd cikin talauci, sai jikinka ya yi sanyi. Ba su kai kashi 4 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba amma sama da ɗaya cikin uku na fursunoni su ne. A 2020 kamfanin Rio Tinto ya sa nakiya ya tarwatsa kogunan dutse na ƴan asalin ƙasar a Juukan masu tarihin shekara dubu 46 don haƙar ƙarfe, a 2023 kuma aka yi ƙuri'ar raba gardama kan a ba ƴan asalin ƙasar majalisar ba da shawara a tsarin mulki, kusan kashi 60 suka ce a'a. Ko tsarabar da ake sayarwa a shaguna mai zanen ɗige-ɗige da yawanta jabu ce daga waje ake kawowa, shi ya sa muka sayi ɗan ƙaramin zane a cibiyar zane ta Maruku, wadda ta masu zanen Anangu ce da kansu, ya yi tsada amma da sunan wadda ta zana a baya. Kuma mai motar kwana zai iya zuwa ya ɗau hoton faɗuwar rana ya juya bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, da yawa haka suke yi, mu ma saura kaɗan.

Juma'a a Alice Springs ta same mu, muka yi salla a masallacin da ake kira na Afghan, sunan da aka sa don tunawa da Musulmi masu raƙuma da aka kawo tun shekarun 1860 suna dakon kaya a hamadar nan kafin jirgin ƙasa ya iso. Bayan an sallame wani dattijo ɗan Pakistan ya riƙe hannuna ya tambaye ni daga ina zuwa ina, ya ce sam ba za mu ci abinci a mota ba yau. Muka bar motar kwanan a ƙofar masallaci muka bi shi gida.