Ma'aikaci mai naƙasa: ƙorafin baka ba ya tsayawa a kotu

A injinan casar shinkafa na Kebbi, bel kan fizge hannun ma'aikaci. Ya yi jinya ya dawo, sai a ce masa "je ka huta, za mu neme ka." Ba takardar sallama, ba albashi. Wannan kora ce, ko da an lulluɓe ta da tausayi.

Dokar hana wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi diyyar aƙalla naira 500,000 a kan kamfanin da ya tauye wa mai naƙasa haƙƙin aiki, 250,000 kuma in mutum ɗaya ne. Kuɗin ya yi kaɗan a yau, amma ba nan ake faɗuwa ba. A rashin shaida ake faɗuwa.

Mutanenmu sun saba roƙon oga a tsaye, a bakin mota. Alƙalin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ita kaɗai sashe na 254C na tsarin mulki ya ba hurumin irin wannan shari'a, takarda zai tambaya. Don haka a rubuta buƙata filla-filla: a sauko da teburina ƙasa, a mayar da ni wajen awo ko rajistar buhuna, a ba ni ranar asibiti. A haɗa da rahoton likita mai bayyana aikin da mutum zai iya yi, ba sunan ciwon kawai ba. A yi kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata, a adana. Kada a sa hannu a takardar ajiye aiki don an yi alƙawarin "ɗan wani abu". Ita lauyan kamfani zai fara ɗagawa.

In a bakin aiki aka ji raunin, dokar diyya ta 2010 ta ce a sanar da mai aiki cikin kwana 14, a nemi diyya a NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, cikin shekara ɗaya.

Su kuma masu kamfani, gyaran wurin aiki don mai naƙasa bai kai kuɗin lauya ba. Gangaren keken guragu dai a yi shi daidai: kowane tsayin santimita 10 yana son tsawon santimita 120. Wanda birkila ke mannawa a kan matakala, a miƙe kamar tsani, ba mai keken da zai hau shi sai an tura.